Ƙyallen da ya toshe bututu

Karo na uku ke nan a zango ɗaya da bayan gidan 'yan mata ya toshe. Mai famfo ya iso makarantar shi da 'yarsa kafin a kaɗa ƙararrawa. A bakin ƙofa suka rabu kamar kullum, ita ta nufi aji biyu da jakarta, shi ya zagaya bayan ginin da buhun kayan aikinsa. Ya ɗage murfin kwata, ya tsuguna, ya zura doguwar wayarsa mai ƙugiya. Wari bai dame shi ba, hancinsa ya daɗe da daina kai ƙara. Yana murza wayar yana saurare har ya ji ta cije a gwiwar bututun, inda ta saba cijewa.

Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a ke yi masa dariya a kanta. Duk abin da ya ciro daga bututu ba ya zubarwa sai mai wurin ya gani. Yakan shimfiɗa guntun kwanon rufi a ƙasa, ya jera abin a kai, ya watsa masa ruwa har ya fito fes. Tun yana sabon shiga wani mai gida ya taɓa ce masa babu abin da ya toshe, shi ne dai ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Daga ranar ya yi alkawarin ba zai ƙara tsayawa gaban kowa da baki kawai ba, kuma yana alfahari da hakan.

Ƙugiyar ta fito da leda, ta fito da takardun littafi da aka murtsuke, sannan ta jawo ƙyallaye uku, kowanne an ninka shi sau huɗu. Ya san ko na mene ne, ba yau ya fara aiki a makarantar mata ba. Ya jera su a kan kwanon, ya warware su da tsinke, ya watsa bokiti ɗaya. Launin ya fara bayyana, shuɗi mai ƙananan ganyaye rawaya. Ya ce a ransa rabin matan gari suna da irin wannan atamfa. Ya watsa na biyu, sai ga bakin ƙyallen da ɗinkin hannu na jan zare.

Shi ya sayo zaren nan. An aike shi baƙi ya dawo da ja, matarsa ta yi ta dariya ta ce to ja ɗin za ta sa, don duk ranar da ta ɗaura ta tuna mijinta ba a aikensa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Zanen yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kuma mutum biyu ne kawai a duniya suka san inda makullin yake.

Ya zauna a kan dugadugansa. Shekarar 'yarsa goma sha uku. A idonsa har yanzu yarinya ce da ke ihu in ta ga ƙadangare a banɗaki.

Ya miƙa hannu zai dunƙule ƙyallayen ya jefa cikin buhu, sai ya ji ƙarar takalmi a bayansa.

"Malam, yau me muka samu?"

"Ranki ya daɗe, 'yan tarkace ne."

"A'a, bar shi, kada ka taɓa. Kai ne kullum kake cewa in zo in gani da idona. To yau na zo."

Shugabar makarantar ba muguwa ba ce. Mace ce da gajiya ta ci rabinta: 'yan mata ɗari huɗu, ramin bayan gida biyu, tankin da ake cikawa sau biyu a mako, ga masu duba makarantu suna tafe. Sau biyu tana jan kunne a filin taron safe cewa a daina jefa abin da bai dace ba a masai. Ba ta taɓa faɗin sunan abin ba, babu kuma yarinyar da ta ɗaga hannu ta tambayi inda ya dace a jefa shi.

Ta duƙa ta ƙare wa ƙyallayen kallo, ta miƙe. "Madalla da ka wanke su. Wannan ai yana da mai shi."

Bayan hutun safe aka fito da aji biyu da aji uku, aka jera su layi ɗaya, suna wucewa ta gaban kwanon. Wasu na toshe hanci, wasu na ƙunshe dariya. Mai famfo na tsaye a gefe da wayarsa a hannu, don Shugaba ta ce ya tsaya. Can daga tsakiyar layi wata murya ta ce, "Lah, zanen mai lemo!"

Dariya ta ɓarke. Mai lemo mace ce da ke zama da tirenta a wajen ƙofar makaranta, kuma ranar ma atamfar ce a jikinta, ana hango ta ta tsakanin ƙarafan ƙofa. 'Yarta tana aji biyu, ta fi kowa tsawo da cikar jiki, a kujerar baya take zama. Idanu duka suka koma kanta.

"Wallahi Malama ba ni ba ce."

"Ni ban ce ke ce ba," in ji Shugaba. "Zanen ne ya ce."

"Wallahi tallahi ban taɓa..."

"Ya isa haka."

Layi ya ci gaba. Da 'yarsa ta zo wucewa ba ta dubi kwanon ba, ba ta dubi fuskarsa ba. Hannunsa ta kalla, jiƙe da ruwa har gwiwa. Ta wuce tana riƙe da gefen siket ɗinta.

Hukunci ya fita nan take. 'Yar mai lemo za ta wanke bayan gida mako guda. Daga yau kuma za a sa masa kwaɗo, duk mai buƙata ta je ofishin malamai ta roƙi makulli. Shi aka sa ya kafa sakatar. Ya kafa ta daidai, don bai iya aikin banza ba.

Ɗaki ɗaya suke haya shi da 'yarsa, labule ya raba shi biyu. Da yamma ya aike ta sayo sukari, ya jawo akwatin. Zanen na nan a ninke yadda ya bar shi, sai dai an juya wurin yankan ciki. Ya warware. Fiye da rabi ya tafi. A ƙarƙashinsa ga almakashinsa na yankan roba, wanda ya yi wata uku yana nema har ya zargi maƙwabci a ransa.

Ya zauna a bakin gado da zanen a cinya. Wata uku. Ya leƙa tsakar gida ta taga. Banɗaki ɗaya ne na gidan gaba ɗaya, da safe layi ake yi ana buga ƙofa. Igiyar shanya ɗaya ce, ta bi ta gaban kowace ƙofa har da ta samarin da ke ɗakin ƙarshe. A ina za ta wanke? A ina za ta shanya? Sai ya tuna tana 'yar shekara biyar ta taɓa tambayarsa ina abin da aka zuba a masai yake tafiya. Ya ce mata nesa yake tafiya, inda babu wanda zai ƙara ganinsa. Shi ya faɗa mata haka, shi da ya fi kowa sanin cewa a gwiwar bututu yake tsayawa.

Ya mayar da komai yadda yake kafin ta dawo.

Suna cin abinci ya yi gyaran murya har sau biyu. Da sunan mahaifiyarsa aka raɗa mata suna, shi ya sa ba ya kiranta sai da Mamana.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Babu abin da kike buƙata? Na makaranta, ko... ko dai wani abu?"

Ta juya cokali a cikin shinkafa. "Biro."

"Biro kawai?"

"Baƙi. Kada ka sayo ja."

Tsohuwar tsokana ce a ɗakin, tun uwarta na da rai. Sai bayan ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Cokalin ya tsaya a hannunta. Shi ma ya yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba, ya tashi ya ce zai duba famfon tsakar gida, famfon da babu abin da ya same shi.

A waje ya yi ta lissafin matan da ya sani. Mahaifiyarsa ta rasu. Yayar matarsa tana nesa, tun wurin zaman makoki ba su ƙara magana mai daɗi ba. Matar ɗakin kusa kuwa, in ka faɗa mata abu da hantsi, kafin azahar har mai gyaran takalmi na bakin titi ya ji.

Washegari bayan ya tashi aiki ya wuce kemis uku da aka san shi, ya shiga na huɗu a wata unguwa. Wata dattijuwa ce a bayan kanta. Ya sayi maganin ciwon kai da ba ya buƙata, ya tsaya yana kallon silin.

"Malam, ko akwai saura?"

"Audugar nan... ta mata."

"Wace iri? Mai fuka-fuki ko marar fuka-fuki?"

"Tashi take yi?"

Matar ta yi dariya har da dafa kanta. Da ta ga shi bai yi ba, sai ta sassauta murya. "Ta uwargida ce ko ta yarinya?"

"Yarinya."

"Uwarta fa?"

Ya girgiza kai. Ta ɗauko fakiti ɗaya ta naɗe a jarida, ta ce a riƙa canzawa kafin ta jiƙe sosai, a wanke hannu, kada kuma a jefa a masai. Ya ce wannan na ƙarshen ya sani.

Ya ajiye fakitin a cikin akwati, a kan ragowar zanen. Kwana biyu yana dubawa, yana nan a naɗe a jaridarsa. Ya gane dalili. In ta ɗauka, ta yarda ke nan ya sani. In ma ta ɗauka ta sa, ina za ta kai ta bayan ta gama? Auduga ta fi ƙyalle toshe bututu.

Don haka ya samo bokitin fenti, ya kankare shi, ya yi masa murfin kwano da ake ɗagawa da ƙafa. Ya kai ofis ya ajiye a gaban Shugaba. Ta taka, murfin ya ɗaga, ta saki, ya rufe.

"Hannunka na da kyau, Malam. Wa zai riƙa kwashewa?"

"Mai shara."

"Na tambaye ta tun bara. Ta ce ko za a kore ta ba za ta taɓa jinin wata ba."

"To ni zan kwashe, in ƙona a bayan katanga."

Shugaba ta cire tabarau ta murza ido. "Namiji? Ranar da iyaye suka ji wani namiji na tara ƙyallen 'ya'yansu, ni da kai ba za mu kwana a garin nan ba. Su kansu yaran, in sun san kai za ka ɗauka, ko ɗaya ba za ta jefa ba. Ka san abubuwan da suke faɗa wa junansu?"

Bai sani ba. Ya ɗauki bokitinsa ya kai ɗakin ajiya.

A kwana na huɗu mai lemo ta tare shi a ƙofa. Da can takan ɓare masa ɗaya kyauta ta ce ya sha ya kori warin aikinsa. Yau wuƙar na hannunta amma ba ta ɓare komai.

"Mai famfo, tsaya. Kwana uku yarinyar nan tana ɗaki ta ƙi fitowa. Ka san sunan da suka sa mata? Toshiya. Har yaran unguwa sun ɗauka." Ta kama gefen zanenta ta ɗaga. "Duba nan. Ina aka yanka? Ɗaya gare ni, ga shi a jikina. Na nuna wa Shugaba, ta ce wai ai atamfa ba a sayen ta guntu, ina sauran? Sauran ai riga ce, ga ta!"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na me? Kai, bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba." Ta matso, ta rage murya. "Ba ta ma fara ba. Girman jiki ne kawai, irin na dangin ubanta. Ranar ta dawo tana kuka tana tambayata wai me ake yi da ƙyallen. Kai ka ciro, kai ka wanke da hannunka. Tsohon zane ne ko sabo? Kai mutum ne mai gaskiya, kowa ya shaida. Je ka faɗa mata."

Ranar bai iya aikin komai ba. Ya zauna a ɗakin ajiya kusa da bokitinsa yana juya maganar. In ya yi shiru, yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba za ta bar makaranta da sunan da zai bi ta har gidan aure. In ya yi magana, sunan zai tashi daga kanta ya sauka a kan tasa, marainiya, wadda ba ta da ko uwar da za ta tsaya a ƙofa da wuƙar lemo ta yi mata faɗa. Ya tambayi kansa wace ce ta fi iya ɗauka, sai ya ji kunyar tambayar. Can dabara ta zo masa, ya ji daɗinta har ya miƙe tsaye. Shi ai da tsumma yake aiki. Zai ɗauki laifin a kansa, kowa ya tsira.

"Ranki ya daɗe, ƙyallen nan nawa ne," ya ce a ofis. "Tsumman goge hannu ne. Wancan gyaran da na yi ne suka faɗa ciki ban lura ba."

"Tsummanka."

"Nawa ne. Daga gida na zo da shi. Zanen marigayiya ne."

Sai da kalmar ta fita ya ji nauyinta. Shugaba ta daɗe tana kallonsa. Ta ga yadda aka ninka ƙyallayen, ta ga abin da ruwan bokiti bai gama fitarwa ba.

"Aji biyu take, ko?" ta ce a hankali.

Ya kawar da kai.

"Allah sarki." Ta gyara tabaranta. "To. Zan faɗa yadda ka faɗa. Abin da zan iya ke nan."

Washegari a taron safe ta sanar cewa an yi kuskure, ƙyallayen tsumman aikin mai famfo ne da ya kawo daga gidansa, don haka kada ta ƙara jin an kira kowa da sunan banza. Yana tsaye can baya kusa da tanki. 'Yan matan nan kowace ta san yadda ake ninka tsumman goge hannu, ta kuma san abin da ake ninkawa sau huɗu. Daga layin aji uku kawuna suka fara juyawa, sannan na aji biyu, ɗaya bayan ɗaya, har suka taru a wuri guda. 'Yarsa kuwa tana tsaye tana kallon safarta.

Da aka tashi ya tsaya wurin mai lemo ya ce an wanke 'yarta, gobe ta dawo. Matar ta yi masa godiya, ta ɓare masa lemo. Ta ce ta faɗa mata tun ɗazu, amma yarinyar ta ce ko an wanke ta, ai an riga an ga ta durƙusa tana wanke masai, kuma sunan ya riga ya zauna. "Zan dai ƙara lallashinta," ta ce, tana kallon titi.

Da safe ya gama shiri, ya ɗauki buhunsa. Kayan makarantar 'yarsa na rataye a ƙusa. Tana zaune a bayan labule, ƙafafunta kawai yake gani.

"Mamana, za mu makara."

Can ta ce, "Baba, da hannunka ka wanke?"

"Da ruwa na watsa."

"Amma ka gani."

"Na gani."

Labulen ya ɗan motsa. "Sun ce in namiji ya gani, mutum ba zai taɓa haihuwa ba. Sun ce in an ƙona ma haka. Shi ya sa na jefa can."

"Ƙarya ne," ya ce da sauri. "Ƙarya ne, Mamana."

"Ta yaya ka sani?"

Ya buɗe baki. Ya tabbata ƙarya ne, amma bai san ta inda zai kama ba. Bai san daga ina jinin yake zuwa ba, bai san me ya sa yake zuwa ba. Shekara goma sha ɗaya ya zauna da uwarta, abin da ya sani kawai shi ne akwai kwanakin da takan ce bayanta na ciwo, shi kuma ya fita ya ba ta wuri. Babu abin da zai shimfiɗa a kan kwano ya ce zo ki gani da idonki. Ya tsaya a gabanta da baki kawai.

"Akwai wata mata a kemis," ya ce. "Dattijuwa ce, tana da kirki. In kai ki ki tambaye ta?"

"Ita ma ka faɗa mata?"

Ya gyara buhun a kafaɗarsa.

"Ka tafi, Baba, za ka makara. Gobe zan je."

Gobe ta zo ta ce cikinta na ciwo. Jibi ba ta ce komai ba, shi ma bai tambaya ba. Ya duba akwati ya ga an buɗe fakitin an ɗauki guda biyu. Ya rasa ko murna zai yi, don bai san inda ta kai su ba, kuma ba shi da bakin tambaya.

Mako biyu bayan haka masu duba makarantu suka zo suka tafi. Shugaba ta aika a kira shi ya duba kwata. Ya ɗage murfin, ya zura wayar, ta wuce gwiwar bututun sumul, ta dawo babu komai a ƙugiya. Makullin na rataye a ofis tsakanin teburan malamai maza, wani lokaci yini guda babu wadda ta zo roƙonsa. A kowane aji akwai kujerun da ke zama babu kowa kwana huɗu ko biyar, masu su su dawo, wasu kuma su yi nasu fashin. Kujeru biyu a aji biyu ne kawai masu su ba su dawo ba.

"Lafiya lau?" in ji Shugaba daga bayansa.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

"Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. Ta ce ranar Litinin."

Shugaba ta gyaɗa kai ta koma ofis. Ya mayar da murfin kwata, ya naɗe wayarsa. Guntun kwanon da ya shimfiɗa tun kafin ya fara yana nan a bushe. Ya ɗauke shi ya jingina a bango, ya tafi sayo baƙin biro.